An Zo Dubiyata Ina Wanke Babur

Wata Juma'a, ranar kasuwar Wudil, gwaggona ta iso daga Darki da kwanon fura, idanunta jawur. Ta tarar da ni ina wanke babur.

"Ɗan nan, ba an ce kana asibiti ba?"

Nan take na gano zancen. Kwana biyu kafin nan wani ya kira, ya gaishe ni har da tambayar iyali, ya ce in karanto masa lambobin da suka shigo wayata. Na karanto kamar sakarai. Da su ya ƙwace shafina na sada zumunta, ya bi dangi da sunana yana roƙon kuɗin tiyata.

Daga baya na ji ashe akuyarta gwaggo ta sayar aka tura masa kuɗin. Ta dafa kaina tana ta hamdala, ko akuyar ba ta ambata ba. Da ma zagina ta yi.