Hajja Kaltumi Mai Sabulu da Kwamfutar Geneviève

Duk matar da ta taɓa wanki a unguwar Hausawa ta Garoua ta san sabulun Hajja Kaltumi. Kakanta bafatake ne daga Kano, ya zo da rini, ya ga ruwan Binuwai ya ƙi komawa. Ita kuwa tukunya ta gada wajen uwarta. Shekara talatin da shida tana dafa man auduga da ruwan tokar karan dawa a bayan gida, kuma ba ta da ma'auni sai harshenta. Takan tsoma yatsa a ruwan tokar ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, ta ce ya yi ko bai yi ba. Mijinta Malam Sharif, tela a babbar kasuwa, yakan ce shi ya sa gishiri ke yawa a miyarta, harshen ya daɗe da ƙonewa.

Aibin sabulun ɗaya ne. Da zafin Afrilu ya sauka sai ya yi gumi, ya yi laushi kamar tuwon jiya. Hajja takan ɗora laifin a kan rana, ko masu sayar da mai, ko matan da ba su iya ajiya ba.

Bara sai ga wata budurwa da jaka a baya, Geneviève, mai binciken ilmin sinadarai a jami'a a Ngaoundéré. Da Fulatanci ta yi bayani: tana bin masu sabulu arba'in tana auna haɗinsu, ta zuba lambobin a kwamfuta, ita kuma ta lissafo haɗin da zai jure zafi.

"Dada," ta ce, wato uwa da Fulatanci, "ina so in auna ruwan tokarki."

"An riga an auna," in ji Hajja, ta zaro harshe ta nuna mata.

Ta dai bar ta, don baƙuwar ta cinye tuwon da aka ba ta har ta yaba miyar. Mako uku, duk sanda Hajja ta ɗanɗana, Geneviève ta tsoma ɗan ƙarfenta na awo ta rubuta. A ƙarshe ta ce cikin goma harshen ya dace sau tara.

"Na goman ƙarfenki ne ya yi kuskure, 'yar nan. Ki kai shi gyara."

Bayan wata huɗu Geneviève ta dawo da takarda rubuce da Faransanci. Kwamfuta ta ce a rage ruwan toka kaɗan, a sa kwanon man kaɗe ɗaya a kowane bakwai na man auduga, a watsa gishiri kafin a sauke.

"Ita wannan kwamfutar ta taɓa tsayawa gaban murhu?"

"A'a, Dada. Lissafi kawai take yi."

"To ta ci gaba da lissafinta."

Takardar ta kwana biyu a ƙarƙashin tabarma. Da Afrilu ya zo, Hajja ta jira Malam ya tafi kasuwa, ta sa maƙwabciya ta karanta mata, ta gwada tukunya ɗaya. Sabulu ya fito da tauri, ya yi mako biyu a rana ko gezau. Haushi ya kama ta har ta kasa cin abincin rana. Washegari ta dafa tukunya uku.

Da mata suka tambayi sirrin, ta ce tsohon haɗin kakarta ne ta tuna. Malam Sharif, da ya riga ya ga takardar, yana zura zare a allura, ya ce shi bai taɓa sanin marigayiyar tana rubuta Faransanci ba.

Geneviève ba ta yi jayayya ba. Da aka buga bincikenta ta kawo, ta nuna wa Hajja sunanta a layin godiya. Hajja ta daɗe tana kallon haruffan da ba ta iya karantawa, ta goge ido da gefen mayafi ta ce hayaƙi ne. Can ta sassauta murya.

"Ki tambayar mini kwamfutar nan maganin ciwon gwiwa."

"Sabulu kaɗai ta sani, Dada."

"Sabulu kaɗai? Ashe abokiyar sana'a ce. To ki gaya mata na riga ta farawa, ta riƙa girmama na gaba."