Haladu Mai Tantance Kwal da Hayaƙin da Ya Shaƙa Dominmu

Kwal ne ya kashe Barira a ɗakin jego, ba mutanen ruwa ba. A daina ɗora wa kogi laifi.

Haladu ne ya fara faɗar haka, kuma har yau ba a yafe masa ba. Ma'aikaci ne a wani kamfanin matse man gyaɗa kusa da tashar jirgi ta Malam Madori, aikinsa tantance kwal kafin a zuba wa injin. Da safe zai hau tsibin da jirgi ya sauke, ya jinjina dunƙule a hannu, ya fasa da guduma, ya jefa gutsure a wuta ya sunsuna. Mai tauri da sheƙi, mai barin toka kaɗan, shi ne na injin. Mai marmashewa, mai laima, mai warin farar wuta, ya ture shi bayan katanga.

Da yaƙin basasa ya ɓarke, kwal ɗin Inugu ya yanke. Aka koma kawo wani iri, rabinsa na turewa ne. Tsibin bayan katanga ya yi ta tashi, har wani ɗan kasuwa, Ya'u, ya fara kwasa da jakuna yana kaiwa kasuwar Haɗeja. Ya raɗa masa suna gawayin jirgi: ga araha, ga daɗewa yana ci. To, kun san al'adarmu. Mai jego gadon ƙasa take kwanciya, a hura wuta ƙarƙashinsa, a saki asabari, a toshe taga da tsumma kada sanyi ya shige ta. Haka aka yi wa Barira, matar wani masunci. Aka ɗauki jaririyar aka kai ta wanka, aka dawo aka iske uwar ta riga mu gidan gaskiya.

Haladu ya je gaisuwa. Tun daga zaure hancinsa ya gaya masa. Wannan warin ya san shi, da hannunsa ya ture kwal ɗin. Ya nemi ungozomar, Iya Yagana.

"Iya, me kuka hura mata?"

"Na jirgi mana. Mijin ne ya sayo, don ya ji daɗin haihuwar."

"Iya, wannan ko injin ƙarfe ba na ba shi."

Tsohuwa ta dafe ƙirji. Ta ce akwai wasu masu jego a hannunta, duk shi ke ƙarƙashinsu. Suka bi gida gida suna kwashe wutar, suna ɗage asabari. Haladu yana ta nanatawa: ko gawayin ƙirya ne, a bar ƙofa a buɗe, balle wannan dutsen.

Ran kasuwa ya tsaya a gaban buhunan Ya'u.

"Malam Ya'u, ajali kake auna wa mutane a kwano."

"Kai, baƙin birin injin, yaushe ka zama likita? Shara ce na tsinta. Ta ubanka ce?"

'Yan kasuwa suka kwashe da dariya. Wallahi dariya suka yi! Mace na kabari, su suna riƙe ciki. Haladu ya kai magana wurin manyan kamfanin, suka ce abin da ya fita katanga ba ruwansu.

Sai Haladu ya haƙa rami a fako, nesa da gidaje. Kullum in ya tashi aiki, duk abin da ya ture a ranar sai ya jide shi a baro ya cinna masa wuta kafin jakuna su iso. Mugun kwal ba ya ci shi kaɗai, sai an tsaya ana tona shi. Shi ya tsaya, da ƙyalle a hanci, cikin hayaƙi rawaya. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya kama masa. Haka har yaƙi ya ƙare, har kamfanin ya sayo injin mai shan man gas bana, aka ce Haladu ya je ya huta.

Kai ne ka tsare ɗakunan da ko ƙofarsu ba ka sani ba, Haladu. Kai ne mai hancin da ya fi mu imani. Mun gode, Allah Ya biya ka, tunda mu mun kasa. Ku kuma masu kallon ɓarna ku ce ba aikinku ba ne, ku je ku dube shi, in kuna da kunya ku koya.

Yana nan unguwar masunta, a ƙofar gidan ƙanensa. Ba ya iya haɗa salati bai tsaya ya ja numfashi ba. Yaran da iyayensu mata suka gama jego lafiya saboda shi, su ne ke binsa suna kwaikwayon tarinsa. Kwanciya kuwa ta gagare shi: in ya miƙe ƙirjin toshewa yake, a zaune yake barci, jingine da bango.