Garin Rogo a Jirgin Alhaji

Ana sallame sallar asuba muka bar unguwarmu Abbare a Jalingo, ni da yayan matata, a tsohuwar motata, akwatin sifanu a baya. Masu tambayar dalilin da ya sa suka tarar da garejina a rufe ranar Talata, to ga inda na shiga: Lau na je, bakin Binuwai, duba jirgin ruwa. Kafin in dawo Jalingo in kama gyaran mota na yi wasu shekaru ina wa jiragen ruwa aiki a Makurɗi, shi ya sa duk dangin da ya sayi abin da ke tafiya a kan ruwa ni yake nema. Da zan fita na ɗebi rabin mudun garin rogo a kicin. Maiɗakina ta bi ni da ido har bakin ƙofa, ta kasa gane abin da ya haɗa makanike da garin tuwo da sassafe, ni kuma ban tsaya bayani ba.

Yayan nata, wanda kowa ke kira Alhaji, ɗan kasuwa ne, hatsi yake sayarwa a Kasuwar Jalingo. Bara ya sayo jirgi na hannu, na faiba ba katako ba, mai gudu, don ya riƙa tsallakar da mutane. Ba irin wanda aka saba gani da inji a rataye a baya ba ne. Wannan injinsa a ciki yake kamar na mota, sai wata ƙafa ta ƙarfe da ta fita ta bangon baya, ita ke ɗauke da farfela, ita ake juyawa da sitiyari, ana kuma iya ɗaga ta sama. Ya ɗauki wani dattijo ɗan bakin ruwa ya zama direba. Watanni biyu da suka wuce jirgin ya fara shan ruwa, kuma shan nasa da ban mamaki: yini guda yana aiki cikinsa a bushe, amma in ya kwana a tasha sai a wayi gari ruwa ya kai idon sawu. Alhaji ya yanke cewa dattijon ne ke zuba ruwan, don shi Alhajin ya gaji ya sayar wa wani ɗan'uwan dattijon da ya taɓa taya jirgin. Ya faɗi haka a gaban mutanen tasha, ya karɓe makulli. Ni aikina in je in tabbatar, daga nan a sallami tsohon gaba ɗaya.

Mun wuce ta bakin kasuwa ana sauke doya daga manyan motoci, muka kama hanyar Kona. Damina ta zo ƙarshe, duwatsun nan duk sun yi kore, dawa ta fi mota tsayi. Bayan Kona muka tsaya wajen wata mata mai ƙosai da kunun gyaɗa. Ƙosan ya yi daɗi, sai dai ya ƙanƙance, abin da a da uku ke ƙosar da kai yanzu sai ka ci bakwai kana waige. Alhaji ya taya doya a gefen hanya, da ya ji kuɗin ya ce ai sun ga mota ne. Ya ce mai kunun ma ta ƙara ruwa da ta hango mu. Haka yake, Allah ya ba shi zuciyar kyauta, amma bai taɓa yarda an sayar masa da abu a kan gaskiya ba.

Hanyar wani wuri ta yi kyau, wani wuri sai ka rage gudu ka zaɓi ramin da za ka faɗa. Duk tsawonta Alhaji bai yi shiru ba. Na tambaye shi, tunda an karɓe makulli mako guda ke nan, ruwan ya daina shiga? Ya ce ina, maigadin jirgin kullum sai ya kwashe. Na ce to ai wannan ya wanke tsohon. Ya dube ni kamar wanda bai san duniya ba, ya ce wannan shi ya nuna yana da mutane. In faɗa muku gaskiya, a Kona dariya nake masa a zuci. Kafin mu hango gonakin shinkafar Lau na fara cewa a raina, jirgin da ba ya shan ruwa sai in ba kowa a kusa, ai da walakin hannu a ciki. Zargi in ka zauna kusa da shi na awa biyu a mota, sai ya shafe ka.

Binuwai a cike yake, ruwan ja, yana tafe da ciyayi. Tasha ta cika da buhunan shinkafa, babura ana ɗora su a manyan jiragen katako, mata na soya kifi, Hausa da Fulatanci da wasu harsunan da ban iya ba duk suna tashi lokaci guda. Jirgin Alhaji na can gefe, fari, a ɗaure. An ɗaga ƙafarsa sama iyakar ɗagawa, farfelar a waje tana sheƙi, an zagaye ta da sarƙa an datse da kwaɗo. Na gani da idona, amma ban tsaya a kai ba, don hankalina na wajen neman mai laifi.

Mai laifin nawa kuwa sai ga shi ya taso daga inuwa. Dogo ne, siriri, gashinsa fari, tafin hannunsa kamar fatar ganga. Ya gaida Alhaji, Alhaji ya amsa da hanci. Ya miƙo mini kifi soyayye a takarda, ya ce baƙo ba ya fara aiki da yunwa. Na ce na ƙoshi. Ƙarya nake, ƙamshin har cikin kaina, amma na ɗauka toshiyar baki ce.

“Injiniya, wannan jirgi, ƙafa nashi ne,” ya fara cewa. “Tun da na gaya wa Alhaji...”

“Baba, bari in gani da kaina,” na katse shi. Na nuna masa gindin wata bishiya can nesa, na ce ya zauna a nan, kada ya matso kusa da jirgin sai na kira shi. A gaban mutane na faɗa. Ya dube ni, ya naɗe kifinsa, ya tafi ya zauna.

Neman inda ruwa ke shiga jirgi ba ya son gaggawa, don ruwa ba ya tsayawa inda ya shigo, gangarawa yake ya taru a wani wuri ya sa ka zargi inda ba shi ba. Muka kwashe ruwan ni da maigadi, na bi da tsumma har ƙasan injin sai da ya bushe ƙayau. Na karɓi makullin kwaɗo wajen Alhaji, na cire sarƙar, na sauke ƙafar cikin ruwa don in samu damar juya ta. Sannan na kwance ƙullin garin rogo na barbaɗa a bangon baya ta ciki, kewayen inda ƙafar ta ratsa, da kan kusoshi, da bakin toshiyar da ake zubar da ruwa, da ƙarƙashin kowane tiyo. Mutanen tasha suka taru. Wata mai kifi ta tambayi ta kusa da ita ko magani nake yi wa jirgin. Ba magani ba ne, ɗigo ɗaya in ya bi ta kan gari sai ya bar sawu, ka bi sawun har gidansa.

Na zauna da tocila, inji a kashe, kusan rabin awa. Gari fari tas. Toshiyar da na fi zargi, don ita ce mai sauƙin kwancewa da hannu, ko gumi ba ta yi ba. Alhaji ya sunkuyo ya ce, “Ka gani ko? Da yake ana kallonsa.” Na tayar da inji, na bar shi ya yi zafi, na bi tiyo ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ke zuba. Muka zaga cikin kogi muka dawo, na juya sitiyari dama iyaka, hagu iyaka. A nan na ji wani gurnani daga baya, irin na boris, zoben da sandar inji ke juyawa a cikinsa, in ya sha ruwa, na kuma ga gari ya ɗan yi duhu a wuri guda, bai kai girman ƙwayar masara ba. Nan na fara shakkar zargin, don boris ɗin nan a cikin wata roba yake a rufe, ba mai zuba masa ruwa da bokiti.

Na kashe inji na ce wa maigadi ya nuna mini yadda suke ajiye jirgin in an tashi aiki. Ya danna wani maɓalli, ƙafar ta tashi sama har ƙarshe, ya ɗauko sarƙa. Kafin ya gama zagayawa na ga layi ya tsaga garin daga ramin da sandar inji ke fita, siriri, mai launin tsatsa. Ya zama biyu. Can sai ɗis, ɗis, ba tsayawa. Na ce a sauke ƙafar, ɗigon ya tsaya. A ɗaga, ya dawo. Sau uku na sa aka yi, ba don ban gane ba, don Alhaji ya gani da kyau.

Tsakanin ƙafar da jikin jirgi akwai wata roba mai ninki-ninki kamar zugazugin maƙera, 'yar'uwar robar shaf ta mota, ita ke hana kogi bin sandar inji ya shigo. In ƙafa na ƙasa, ninkin a matse yake. In an ɗaga ta har ƙarshe, ƙasan robar sai ya miƙe. Muka tara mutane aka jawo bayan jirgin kan yashi, na kwanta na tura yatsa, ya shige cikin tsaga. Alhaji ya ce wuƙa ce. Na kama hannunsa na ɗora a wurin. Yankan wuƙa baki ɗaya gare shi, sumul. Wannan kuwa duk jikinta ƙananan tsagogi ne kamar faso a dunduniya, robar da aka bari a miƙe wata da watanni, rana na dukanta.

Na tambayi maigadi wa ya ce a riƙa ɗaga ƙafar ana ɗaurewa. Ya sunkuyar da kai, ya saci kallon Alhaji. Ashe tun makon da aka kawo jirgin Alhaji ya ji labarin ana satar farfela, ya ga kuma duk masu injin ratayawa ɗaga nasu suke yi in sun tsaya, sai ya sayo sarƙa ya kafa doka: farfela ta kwana a sama inda ido ke ganinta. Dattijon ya ce masa wannan ba irin waɗancan ba ne, a bar ƙafar a ƙasa. Alhaji ya fassara maganar da cewa so yake farfela ta kwana cikin ruwa inda za a kwance ta ba wanda ya gani. Daga ranar ya fara sa masa ido.

Alhaji ya dubi sarƙar. Sannan ya taka zuwa gindin bishiyar, ni ina biye, ya ciro makullin jirgi ya miƙa, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, “Baba, an gano abin, roba ce. Ka yi haƙuri, in an gyara ka ci gaba.”

Tsohon bai miƙa hannu ba. “Alhaji, magana na farko a can ka yi shi,” ya nuna tasha da haɓa. “Yarana sun ji. Matan kifi sun ji.”

Na zaci Alhaji zai juya, don na san shi da girman kai. Sai ya koma tsakiyar tasha, ya ɗaga murya ya ce jama'a su shaida, ba hannun kowa a ruwan nan, kuskure nasa ne, abin da ya faɗa a kan Baba ya janye. Bai yi tsawo ba, yana yi yana gyara hula, amma ya faɗa. Na ji daɗi ƙwarai, na ce shi ke nan an rufe.

Dattijon ya taso ya yi godiya, ya ba Alhaji hannu. Ya ce kwana uku ke nan ya karɓi wani jirgin katako mai dakon shinkafa, ya riga ya ba mai shi magana. Alhaji ya ce zai ƙara masa albashi. Ya girgiza kai. “In ina tsakiyar ruwa da mutum goma, ina tunanin yashi, ina tunanin iska. Ba zan iya ƙara tunanin abin da kai kana tunani a Jalingo ba.” Ya juyo wajena ya ce in an sa sabuwar roba a canza boris ɗin ma, kada a yi aiki biyu. Ya tafi wajen buhunansa.

Ana sallame la'asar muka kamo hanya. Jirgin mun bar shi a kan yashi, robar sai an aiko daga Fatakwal, kuma ko ta zo babu wanda ya san hanyar ruwan nan kamar wanda ya tafi. Alhaji ya sayi busasshen kifi bai taya ba, ya biya abin da aka ce. A hanya na kunna rediyo. Mun shigo Jalingo ana kiran magariba, na sauke shi a ƙofar gida.

Abin da na koyo na sana'a kaɗan ne, ga masu irin wannan jirgi: ku bar ƙafar a ƙasa in yana hutawa, ku gwada shi a yadda yake kwana, ba a yadda yake gudu kawai ba. Sauran kuwa ya fi nauyi. Mutumin nan ya buɗe baki zai gaya mini abin da na ɓata awa uku ina nema, na hana shi, na kore shi gindin bishiya kamar wanda aka kama da kayan sata, alhali bai taɓa yi mini komai ba, ranar ma na fara ganinsa. Alhaji da ya fara zargin ya tsaya a gaban jama'a ya ba shi haƙuri. Ni sai da na zo wanke garin rogo daga hannuna a gida na tuna cewa “sai an jima” kawai na ce masa.