Roba ɗaya a gaban mutum tara

Shekarun baya, wajen tsakiyar shekarun dubu biyu, na dawo gida daga bautar ƙasa ba ni da komai sai takardar digiri da ɗabi'ar gyara wa mutane magana. Ba zan ambaci ainihin shekarar ba, domin ni da yayana mun saɓa a kanta, kuma ba na son rubuta abin da ban tabbatar ba. Abin da ba na shakka a kansa shi ne lokacin noman rani ne, tumatir ya fara nuna a gonakinmu da ke tsakanin Kura da Bunkure, kuma an tsayar da ranar auren yayana.

Yayana ba mai son taro ba ne. Ya ce a ɗaura aure da safe, bayan azahar a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida a yi 'yar walima, kowa ya ci ya kama gabansa. Babu rumfa, babu makiɗi. Abin da ya rage shi ne maganar girki. Duk wani biki na gidanmu mahaifiyata ce ke tsayawa a kan tukwane, amma a watan da ya gabata an yi mata aikin ido a Kano, likita kuma ya ja mata kunne game da hayaƙi. Na san halinta sarai. Muddin aka hura wuta, ko a gidan maƙwabta ne, sai ta yafa mayafi ta je ta leƙa tukunya. Saboda haka na ce a bar mini maganar abinci gaba ɗaya, kuma a ranar ba za a kunna ko ashana a gidan ba. Yayana ya yi murna da samun wanda zai ɗauke masa nauyi. Mahaifina ya ce to, tunda ɗan boko ya dawo, a ga amfanin bokon.

Na sayi sabon littafi na fara zagaye. Na je wurin wani mai tsire da gurasa a bakin titin Garun Mallam, na tambaye shi faranti ɗaya mutum nawa yake ƙosarwa. Ya dube ni ya ce ya danganta da yunwar da suka zo da ita. Na je wurin wata mai waina a Madobi, ta ce in dai kawo shinkafar, sauran Allah zai sa albarka. Ban ƙi albarka ba, amma ban san a wane shafi zan rubuta ta ba. Daga ƙarshe wani abokina ya kai ni wurin wata mata a Kano da ke shirya abincin taro a cikin robobi masu murfi, irin da ya fara tashe a birni a lokacin. Kowace roba da dafa-dukan shinkafa, da yankan nama biyu, da cokalin roba, a haɗa da ledar ruwa. Kafin in zauna ta tambaye ni mutum nawa ne. Nan take na ji na sami 'yar'uwa.

Domin adalci dole in faɗi cewa matar nan ta gargaɗe ni. Da ta ji a ƙauye za a yi, sai ta ce in bari ta ƙara mini babbar kula ɗaya ta shinkafa ba a rarrabe ba, a ajiye a gefe. Na ce mata ba na son almubazzaranci, zan kawo mata adadi wanda babu ragi babu ƙari a cikinsa. Ta ɗaga kafaɗa ta ce ita dai ta faɗa.

Na zauna da mahaifina a zaure na ce ya lissafa mini waɗanda za a aika wa katin gayyata. Ya kawo danginmu na Dawakin Kudu, da dillalan da ke sayen tumatirinsa, da wasu abokansa na birni. Yayana ya ƙara da abokan aikinsa. Na haɗa da mutanen gida da dangin amarya, na karanta musu sau biyu, aka sami mutum ɗari da goma. Na ƙara goma saboda tsautsayi. Ban gaya wa mahaifina cewa a kan wannan adadin zan sa a dafa abinci ba, shi kuma bai taɓa kawowa a ransa cewa ana ƙirga kawuna kafin a ɗora tukunya ba. Mahaifiyata ce kaɗai ta tambaye ni idan wani ya zo fa. Na nuna mata goman da na ƙara. Ta gyara baƙin tabarau ɗin da likita ya ba ta.

Akwai abin da na sani tun ina yaro, amma shekarun makarantar kwana da na jami'a suka goge mini shi. A wajenmu na nesa ake aika wa kati. Wanda gonarku ke haɗe, wanda kuke janyo ruwa daga kanal ɗaya, ba a gayyatarsa, domin bikin nasa ne. In ka miƙa masa kati ma zai iya jin ka mayar da shi baƙo. Kuma irin waɗannan mutane su ne na ƙarshen ci, sai baƙi sun watse suke zama. Littafina ya cika da baƙi, babu ɗaya daga cikinsu.

Ranar ta fara kamar yadda na tsara. Motar haya ta kawo robobin a kan lokaci, na ƙirga su da kaina. Na tsaya a ƙofar zaure da biro, duk wanda aka miƙa wa in yi alama a gaban sunansa. Mutane suna ta juya robar suna yaba wannan sabon tsari, wani dillali har ya ce zai kwaikwaya a bikin ɗansa. Goman da na ƙara suka tafi ga maƙwabtan unguwa. Mahaifina yana ta karɓar gaisuwa bai sami zama ba, sai na rubuta “Baba” a murfin tasa robar na kai ɗakinsa. Kafin la'asar komai ya ƙare daidai, ba saura ba giɓi. Ba zan ɓoye ba, ina tsaye ina jin kaina kamar wanda ya kawo wa garin wutar lantarki.

Bayan an idar da sallar la'asar ne na hango mutum tara suna tahowa ta hanyar kanal, wandunansu a naɗe zuwa gwiwa, laka ta bushe a ƙafafunsu. A gabansu akwai wani dattijo mutumin Filato, Kirista, wanda gonarsa ke manne da ta mahaifina fiye da shekara ashirin. Kwana uku kafin bikin shi ne ya kawo wa mahaifiyata buhun albasa da zakaru biyu a matsayin gudummawa. Zakarun na nan suna yawo a tsakar gida, tunda na hana girki.

Sai daga baya na fahimci dalilin makararsu. Ruwan kanal bi da bi ake sakinsa, kuma a makon nan layin ɓangarenmu ya faɗo a ranar bikin. Wanda ya rasa shi sai ya jira zagaye na gaba, tumatir mai 'ya'ya kuwa ba ya jira. Mahaifina bai roƙi kowa ba. Su da kansu suka fara da gonarsa tun da sassafe, suka ba ta ruwa kaf, sannan suka koma nasu. Ba su gama ba suka bar ruwa yana gudu suka zo su yi Allah-sa-alheri.

Mahaifina ya miƙe da fara'ar da ban ga ya yi wa kowa irinta ba a ranar. Ya kama hannun dattijon ya zaunar da shi a kan tabarmarsa, suna tsokanar juna a kan wanda ya fi tsufa. Sannan ya waiwayo ya ce in kawo wa mutanen gida abinci. Na durƙusa kusa da kunnensa na ce robobin sun ƙare.

“To a zubo daga tukunya,” in ji shi.

“Babu tukunya, Baba.”

Ya daɗe yana kallona. Bai ɗaga murya ba, bai kuma sauya fuska ba. Ya tashi ya shiga gida, ya dawo da robar nan mai sunansa a murfi. Da hannunsa ya buɗe ta, ya ajiye a tsakiyar mutum tara, ya ce bismillah.

Da a ce tukunya ce, da mata sun kankare gindinta, sun ƙara miya, sun cika tire babu wanda ya san an gaza. Roba ba ta da wannan rufin asirin. Kowa yana ganin iyakarta. Mutanen suka wanke hannu kamar an kawo musu rago. Kowa ya ɗebi loma ɗaya ya janye hannunsa, naman kuwa aka yi ta tura wa juna har ya tsaya a gaban dattijon, shi kuma ya mayar gaban mahaifina. Dattijon ya lashe yatsa, ya ɗago ya dube ni yana murmushi.

“Malam ɗan boko, wannan shi ne girkin birni? Kai, ya yi daɗi. Mu dama mun ci a gona, albarkar biki muka zo taɓawa.”

Babu wanda bai san ba su ci komai ba. Na ruga cikin gida na tarar labari ya riga ni. Mahaifiyata tana durƙushe a gaban murhu tana hura karan dawa, ta cire tabarau, hawaye na zuba daga idon da aka yi wa aiki. Abin da na shirya komai domin in hana, shi nake kallo. Kafin ruwan tukunya ya yi zafi mutanen suka yi addu'a suka miƙe. Mahaifina ya roƙe su su dakata, dattijon ya ce ana rufe ruwa kafin magariba, kuma rabin gonarsa bai sha ba. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa babu yadda za a yi a tsayar da su.

Washegari na ce a yanka zakarun a dafa, ni zan ɗauka in kai musu gona. Mahaifina ya hana. Ya ce walima ta wuce, idan aka kai musu yanzu ya zama ladan ban ruwa aka biya su, kamar 'yan ƙodago. Ya ce a bari sai ranar aurena, shi da kansa zai zuba wa abokinsa. Wannan ce kaɗai maganar da ya yi mini a kan lamarin a lokacin. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ba a yi gaba da kowa ba. Dattijon ya ci gaba da gaishe ni da sunan da ya laƙaba mini, ni kuwa na riƙa sauya hanya idan na hango shi a bakin kanal. Na sha shirya kalmomin ban haƙuri, ina gyara su ina sake gyarawa, ban taɓa samun waɗanda suka gamsar da ni ba. Idon mahaifiyata ya warke, alhamdu lillahi, bayan ƙarin zirga-zirga zuwa asibiti. Aurena kuma ya ɗauki shekara uku, saboda sai da na sami aiki. A shekara ta biyu ciwo ya kwantar da dattijon, 'ya'yansa suka zo suka mayar da shi garinsu. Wani direban motar tumatir ne ya kawo mana labarin rasuwarsa.

A walimar aurena an ɗora manyan tukwane huɗu, har aka rasa inda za a kai ragowar. Sauran mutum takwas ɗin sun zo, sun ci, sun yi raha. Mahaifina ya zuba musu da hannunsa kamar yadda ya yi alkawari, amma shi bai ci ba. Da na kai masa ruwa, sai ya ce a hankali, ba tare da ya dube ni ba: “Shekara ashirin muna shan ruwa ɗaya, a bikin gidana loma ɗaya ya ci.”

Mutane sukan ce mini kuskure ne na ƙuruciya, kuma wanda aka yi wa bai riƙe ba. Na yarda bai riƙe ba. Amma hakan bai rage mini komai ba, domin yafiyar da ban nema ba ba ta sauke mini nauyin ba, kuma yanzu babu wanda zan nema a wurinsa. An gargaɗe ni sau biyu, mai abinci ta faɗa, mahaifiyata ta tambaya, na amsa musu da lissafi. Tun daga lokacin duk taron da aka sa ni a kansa sai na sa an ajiye tukunya a gefe, har matata tana yi mini dariya. Ba ya warkar da komai, na sani.

Littafin yana nan a cikin akwatina. Na sake duba shi kafin in yi wannan rubutu, domin in tabbatar da adadin. Ɗari da ashirin ne, kowane layi da alamarsa, babu kuskure ko ɗaya. Na sha ɗaukar biro in ƙara sunan dattijon a ƙasan shafin, sai in fasa. Shafin na waɗanda aka ba abinci ne, shi kuwa ba a ba shi ba.