Fitila Kafin Mutum

A gidanmu na Likoro komai da tsarinsa, har hira. Idan sanyi ya shigo, an gama zuba dawa a rumbu, bayan sallar isha'i Iya takan sa a hura wuta da kara a ƙofar ɗakinta. Iya kakata ce, mahaifiyar babana. Manyan jikoki a damanta, ƙanana a hagu, ni kuma kusa da tarin kara domin ni ce mai iza wuta. Wanda bai wanke hannun tuwo ba, ba ya zama. Wanda ya katse ta sau biyu, ya tafi ɗakin uwarsa.

Babana mahaƙin rijiya ne, yana kuma yasar tsofaffin rijiyoyi. Shi ne ɗan farin Iya, saboda haka ban taɓa jin ta kira sunansa ba, ban kuma taɓa ganin ta dube shi ido cikin ido ba. Idan ya durƙusa gaida ta da safe, bango take amsa wa. Saƙon gishiri ko na gyaran danga takan aika ta bakinmu: "A gaya wa wancan." Amma uwa ta nuna tana jin tsoron kada wani abu ya sami ɗan farinta, wannan rashin kunya ne a wurin matan zamaninsu. Har lahira za a je ana ba da labarinta.

Sana'ar ya gaje ta ne daga kakanmu, wanda ya rasu kafin a haife ni, kuma ya bar ta da ƙa'ida uku. Na farko, a buɗe bakin tsohuwar rijiya a bar ta ta sha iska. Na biyu, a kunna fitila a zura ta da igiya har ƙasa. Idan ta mutu, iskar ciki ta lalace, ba mai shiga. Na uku, sai mutum, da igiya a ƙugunsa da mai riƙewa a sama. Babana ya riƙe na farko da na uku. Na biyun ya sake shi tun da hannunsa ya faɗa, mutane suka fara nemansa daga Kudan har Maƙarfi. Yakan ce wa abokansa hancinsa ya fi fitila. Fitilar tana nan rataye a zaure, kuma duk gidan mun san wace ce ke goge ta tana zuba mata kananzir.

Iya tana da ƙaramin rediyo, tana son kama tashar Sinawa masu magana da Hausa, wai yadda suke lanƙwasa harshe yana ba ta dariya. A nan ta ji labarin, a shekarar da ƙasar Sin ta fara aika mutum sararin samaniya. Da sanyin wannan shekarar ta ajiye labaran kura da na ’yan matan rafi, ta ɗauko wannan.

"Yau daga nesa na ɗebo muku," in ji ta.

Muka ce, "A sauke mu gani."

Ta ce a can gabas da Makka, gabas da gabas, akwai mutanen da suka ƙera jirgi domin ya kai mutum inda babu iskar shaƙa. Jirgi ya ƙeru, jarumai suka yi layi, kowa yana cewa shi zai hau. Manyansu suka ce a'a. Suka harba shi babu kowa a ciki, suka zauna suna jira har ya dawo. Wannan na farko. Na biyu, suka sa ƙananan dabbobi. Na uku, suka ɗinka mutum-mutumi, suka sa masa riga da hula, suka zaunar da shi a kujera.

Ƙanena Sani ya ce, "Iya, matsorata ne ke nan?"

"Rufe mini baki, angon banza, kai da ko bayan gida sai an raka ka. Matsoraci ne ke ƙera abin da zai kai shi kusa da wata?"

Na huɗu, suka sake aikawa babu rai a ciki, ko da an manta da wani abu. Sai a na biyar suka ɗauko mutum guda, soja, matuƙin jirgi, mai mata da ɗa. Ya hau, ya yi ta zagaya duniya, rana na fito masa tana faɗuwa, tana fitowa tana faɗuwa, kafin mu nan mu yi kwana ɗaya. Daga nan wata babbar laima ta buɗe, ta sauko da shi a hankali cikin makiyaya. Aka buɗe ƙofa, ya fito da ransa yana ɗaga hannu.

"Rediyo bai ce mini komai a kan uwarsa ba," in ji Iya. "Amma in tana da rai, na san ba ta ci tuwo ba ran nan."

Ba ta rufe shi yadda ake rufe tatsuniya ba. Ta ce wannan ba ƙarya ba ce, ba ta da kan da za a yanke.

Abin da na lura da shi, ko da yake ban gane ba a lokacin, shi ne ba kullum take ba da wannan labarin ba. Sai daren da babana ya zauna a bakin zaure ta ciki, ya ba mu baya, yana tufka igiya. Kuma idan ta zo kan "babu kowa a ciki" takan ɗaga murya fiye da yadda yara takwas ke bukata. Mun ji shi har mun haddace. Sani yakan riga ta: "Na uku, mutum-mutumi!"

Wani dare da ta kai ƙarshe, babana ya yi dariya ƙasa-ƙasa. Bai juyo ba. Ya ce wa igiyar da ke hannunsa, "Su Sinawa ai suna da lokaci. Ba mai tsaye a kansu da garken shanu yana jiran ruwa."

Iya ta ɗauki kara ta tona wuta. Ta ce wa wutar, "Shanu ba su taɓa mutuwa don an jira fitila ba."

Iyakar maganar da na taɓa ji sun yi a kan wannan ke nan. Shi ya gaya wa igiya, ita ta gaya wa wuta.

Da rani ya yi tsanani aka zo kiransa daga garin Taba, a kan wata tsohuwar rijiya da aka daɗe da rufewa. Da asuba na ga Iya ta sauko da fitilar ta ajiye a kan naɗin igiyarsa, ta koma ɗaki da sauri kamar wadda ta yi sata. Da gari ya waye igiya ba ta nan. Fitilar tana gefe, an jingine ta da bango a hankali, don kada kananzir ya zube.

Bayan azahar aka kawo shi. Mai riƙe masa igiya ya ce bai ko kai ƙasa ba jikinsa ya saki. Sun jawo shi da sauri, amma an riga an gama.

Mahaifiyata ta yi kuka, mu ma mun yi. Iya ta zauna a kan tabarma tana karɓar gaisuwa da busassun idanu. Mata suna cewa, "Iya, ya haƙuri?" tana cewa, "Haƙuri sai uwar yaran nan." Aka yi ta yabonta, wai ba a taɓa ganin mai kunya irinta ba.

Da sanyi ya dawo aka sake hura wuta, domin Iya ba ta karya tsari. Ta koma kan labaran kura. Wani dare Sani ya ce, "Iya, a yi mana na Sinawa."

Ta daɗe tana kallon bakin zaure. Sannan ta ce, "Mai jinsa ba ya nan. Iza wutar, ke."

Ba ta ƙara ba da shi ba, amma ba ta daina bin labarin Sinawa a rediyo ba. Da suka aika mutum biyu, tambaya ɗaya ta yi: "Sun dawo?" Da suka aika uku, ɗayansu ya buɗe ƙofa ya fita waje a can sama, lokacin kunnenta ya yi nauyi, ni ce na maimaita mata. Ta ce, "Da igiya a jikinsa?" Na ce da igiya. Ta ce, "To, madalla. Mutanen nan suna da iyaye." Ta rasu kafin su aika mace ta farko. Yanzu an ce har gida suka gina a can, suna yin watanni a ciki, wasu na sauka wasu na hawa. Duk lokacin da na ji, tambayarta nake yi.

Ni ban yi karatu mai zurfi ba, firamare na gama sai Islamiyya. Shekaru da yawa na ɗauka darasin labarin nan shi ne na fitila: a gwada kafin a sa rai. Darasi ne, kuma daidai ne. Amma babana ya san shi tun kafin Sinawa su ƙera jirginsu. Ba sani ya rasa ba. Ban ce da Iya ta tsaya a gabansa ta kira shi da ya tsira ba, kwana idan ya ƙare ya ƙare, kuma ba na ɗora mata laifi. Ta yi duk abin da aka bar wa mace irinta ta yi, har ƙasar Sin ta je ta ɗauko magana. Abin da ke ci mini rai shi ne ya tafi bai taɓa jin ta ce masa kada ya mutu ba.

Ɗana na fari sunan babana aka sa masa, muna kiransa Abba. Ni ma na yi masa kunyar da aka koya mini, daidai gwargwado. Bana ya fara bin masu yasar rijiya. Ran da za su fara shiga wata tsohuwar rijiya a bayan gari, na sa hijabi, na ɗauki fitilar Iya, na bi su. Maza sun kewaye bakin rijiyar, har da ƙannen mijina. An riga an ɗaura masa igiya a ƙugu.

Na ce, "Haruna."

Wani dattijo ya kawar da kai. Yaron ya juyo yana neman wanda ya kira shi, domin bai san sunan a bakina ba.

Na ce, "Dube ni. Ni na haife ka, kuma ina tsoro. Wannan za ta fara shiga."

Ya karɓa da hannu biyu. Na tsaya a wurin har aka zura ta, ta kai ƙasa, aka jawo ta tana ci.