Kwabon Sani

Kakata Iya Kulu ta makance tun kafin in yi wayo, amma ban taɓa ganin mai gani da ɗan yatsa irinta ba. A gidanmu na Limancin Kona, da an sauke tuwon dare sai mu jikoki mu kewaye murhu, ita kuma ta jawo wani gwangwani mai cike da tsofaffin kwabbai masu huji, irin na zamanin Turawa. Mijinta maƙerin azurfa ne, a wurinsa ta koyi karanta ƙarfe.

A cikin kwabban akwai ɗaya da ta fi so. Ɗanta na fari, Sani, ƙyanda ta ɗauke shi yana shekara uku. Ba hoto, kabarin ma ya baje tuntuni. Abin da ya rage mata shi ne kwabon da ta taɓa ɗaura masa a wuya, kuma tana gane shi ne da wani siririn layi da ya taso daga hujin zuwa baki. Mu yara ba wanda ya gaya mana wannan.

Takan miƙa mana kwabo ta ce mu shafa. In tabon ya lotsa ciki, in ji ta, duniya ce ta yi masa. In rubutun ya siɗe, hannun mutane ne. Wani kuma sabo ful ya fito da rubutu dishi-dishi, don ƙarfen da ya buga shi ya gaji. Amma in layi ya taso sama, to ƙarfen bugun ne ya tsage, da abinsa aka haife shi. Ni sarkin gaggawa ban taɓa cankar daidai ba, sai ta dungure min kai ta ce yatsuna na kirɓa sakwara ne kawai.

Daga nan sai ta gyara zama ta ce, “To, ga ta nan ta iso, ku ba ta wuri.”

Wai a maƙerar wani sarki akwai ƙarfe biyu, uwa da uba, a tsakaninsu ake buga kuɗi. Uwar ta sha guduma shekara da shekaru har ta tsage, ta yi shiru da bakinta don kada a raba ta da aikin. Sai 'ya'yanta suka riƙa fitowa da jijiya a fuska. Da sarki ya gani ya ce a jefar da ita bayan ganuwa, 'ya'yan kuma a watsa su kasuwanni. A nan Iya kan sassauta murya.

“Uwar ta ce, ku kai su ko ina ne. Ciwona yana fuskarsu, ko a duhu zan gane nawa.”

Ni dai tausayin 'ya'yan nake ji. Ina da shekara tara, ana jibi Sallah, gida ya kacame da wanke-wanke, kowa na dirzar tukunya da toka da yashi. Na saci gwangwanin nan na ce yau zan burge Iya. Na jiƙa kwabban da lemun tsami, na goga su ɗaya bayan ɗaya a kan dutsen wasa wuƙa, har mai jijiyar, wai ni na warkar da shi. Suka yi fes, suna ƙyalli. Wayyo ni, har da rawata na kai mata.

Ta zube su a cinya ta fara shafawa. Ta kai ƙarshe ta sake farowa. Sau uku. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni.

“Binta, me kika yi wa Sani?”

Mahaifiyata ce ta ja ni ɗaki ta gaya min ko wane ne Sani. Na yi kuka har na shiɗe. Iya ta ci gaba da yi mana tatsuniya, amma ta uwar ƙarfe ba ta ƙara fitowa daga bakinta ba.

Da na girma na kai gwangwanin wurin wani mai sayen tsoffin kuɗi a Ƙofar Kuyambana. Ya duba da gilashinsa, ya girgiza kai, ya ce wanda ya goge su ya kashe su, tsohon kuɗi ba a wanke shi. Ban ce masa ni ce ba. A hanya na gane cewa abin da na ɗauka aibi ne, shi kaɗai ne sunan yaron.

A ciwonta na ƙarshe Iya ta ce in kawo mata gwangwanin. Ta lalubo ɗaya, fuskarta ta washe.

“Ga shi nan. Duba min, Binta, shi ne ko?”

Na kai shi bakin taga na duba. Sumul yake, ba komai a kansa.

Na ce, “Shi ne, Iya.”