Tallar Baba a shafin ciki

A shekarar da fari ya koro mutanen karkara zuwa Yamai, ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a unguwar Gamkalley. Mahaifina ɗan kasuwar hatsi ne daga Maradi, kuma a lokacin sitonsa ya kusa zama wayam. Abokan ciniki sun fara raɗe-raɗin cewa ya karye. Shi ya sa wata safiya ya ce in raka shi biro, wato ofishin jarida, in yi masa tafinta, zai sa talla.

Ma'aikacin da muka tarar ya shimfiɗa jarida a kan tebur, ya ɗora ma'auni. Ya ce fili suke sayarwa, santimita-santimita, kamar yadi. Shafin baya ya fi tsada domin kowa na ganinsa ko bai buɗe ba. Hoto kuma da kuɗinsa daban.

"Tambaye shi ragi," in ji Baba.

"Baba, nan ba a ciniki."

"Ko'ina ana ciniki, uwata. Faɗa masa."

Na faɗa da Faransanci, kaina a sunkuye. Mutumin ya amsa da Hausa tsantsa, ashe Badamagare ne. "Alhaji, hukuma ce ta yanke farashin, kuma ka san masu kaki ba a yi musu ragi. Sai dai ka ɗauki shafin ciki, mu sa ka inda muka samu wuri."

Baba ya ɗauki na cikin, amma ya nace sai da hoto. Ranar ɗauka ya sa aka cika buhuna da ƙaiƙayi, aka jera su har rufi, ya tsaya gabansu cikin babbar rigarsa ta shadda.

Da jaridar ta fito, wurin da suka samu yana gefen labarin rabon cimaka a sansanin waɗanda yunwa ta koro. A ɗakin malamai na gan ta, a hannun wata abokiyar aikina 'yar Tahoua, wadda shanun gidansu suka ƙare ƙaf. Ta ninke ta a hankali, ta ce, "Allah ya ƙara wa Alhaji albarka." Na tashi na koma aji.

Washegari mata suka cika ƙofar gidanmu da ƙorai, wani ya nuna musu hoton. Baba ya shige ɗaki ya ce a ce ba ya nan. Ni na fita na ce musu babu, suna kallona.

Bayan tafiyarsu sojoji biyu suka zo, neman masu ɓoye hatsi. Aka kai su sito. Ɗaya ya soka wuƙa a buhu, ƙaiƙayi ya zubo masa a takalmi. Ya soki na biyu, ya soki na uku, sannan ya yi dariya, maƙwabta na tsaye.

Ba su kama kowa ba. Baba ya daina zama a dakalin ƙofar gida har damina ta faɗi, ni kuma na koma cin abincin rana a ajina.